Gado Ba Ya Fita Ranar Jere

Ku da kuke zuwa da hoto a waya kuna cewa a yi muku irin wannan kafin Juma'a, ku jawo benci ku zauna. Jiya na ji ɗayanku yana cewa gado ai katako huɗu ne da noti, ko da ido a rufe mutum zai haɗa shi. Ban tanka ba don bakina cike yake da goro, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni Inuwa a wannan shagon na yi furfura, kuma ba zan zauna ina ji a raina aikin da ya cinye ƙuruciyata ba.

Malam Sabo ne ya kafa shagon nan a bakin Jakara, kan hanyar shiga kasuwar Kurmi, tun Turawa ba su tafi ba. Da akwatunan katako ya fara, irin waɗanda ake zuba wa amarya tufafi, daga baya ya shiga yin kabad na jera kwanuka. Lokacin da mata suka fara gajiya da gadon ƙarfe mai ƙara, shi ne ya fara yi musu na katako a wannan yanki, har sunansa ya ɓace, kowa sai dai ya ce Mai Gado. Ba wai ya fi sauran kafintoci iya ado ba ne, akwai waɗanda suka fi shi nesa ba kusa ba. Abin da ya riga su ganewa shi ne, a cikin birni kafinta yana yin gado ne don ɗakin da ba zai shiga ba.

A yawancin gidajen da muke yi wa aiki, baligin da ba muharrami ba iyakarsa soro. Wasu gidajen sukan ce mata su shige ɗaki a shigo da mai gyara, amma gidajen malamai da na tsofaffin attajirai ko wannan ba sa yi. Ranar jere kuwa, wato ranar da dangin amarya mata ke zuwa shirya mata ɗaki, mai gidan kansa neman inda zai fake yake yi. To wa zai ɗaura gadon? Sauran kafintoci sukan buge shi da ƙusa tun daga shago, a kai shi ƙofar soro ya ƙi shiga, a yi ta juya shi ana kankare bangon mutane ana ɓacin rai. Malam Sabo ya ce shi nasa gadon mata ne za su haɗa da hannunsu, ba ƙusa ba noti. Kowane dogon katako na gefe yana ratsawa ta ramin da aka fafe a ƙafar gado, a tare shi da fegi biyu na katako, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Kowace mahaɗa da ɗigon fentinta, ja ya nemi ja, kore ya nemi kore. Fegin kuma sai ya yi masa kai mai faɗi, don ya san ba kowane gida ke da guduma ba, amma babu gidan da ba taɓarya.

Shi ya sa in kuka duba kayan aikinmu za ku ga zarto da gizago da abin huda na hannu, sannan ga taɓarya jingine a kusurwa. Baƙi sukan yi dariya su tambaya ko fura muke dakawa. Na zo shagon nan ana shirin miƙa wa farar hula mulki karo na farko, gari ya cika da tutocin jam'iyyu, ni kuwa abin da aka ba ni shi ne wasa haƙoran zarto da juya katako a inuwa. Maɗaci da kawo muke saya, mu jingine su a rumfar baya su ga damina su ga rani kafin zarto ya taɓa su. Ɗanyen katako yana da ladabi a shago, sai ya shiga ɗakin mutane yake nuna halinsa.

Ranar da na gama gadona na farko, Malam Sabo ko kallonsa bai yi ba. Ya sa na wanke hannu na saka farar rigata ta Juma'a, ya miƙo mini taɓarya ya ce in haɗa. Na haɗa ina gumi ina nishi, wani fegi ya ƙi shiga sai da na taka ƙafar gadon na danna da gwiwa. Da na gama ya nuna mini da yatsa yadda gaban rigar ya ɓaci, ya ce matan da za su haɗa wannan suna cikin leshi ne da lalle a hannu, kuma a gaban dangin miji. Ya sa na warware shi na sake gyara ramukan gaba ɗaya. Na ji haushinsa ranar kamar in bar aikin, yau kuwa duk lokacin da na ɗauki fegi sai na yi masa addu'a.

Masu sayen kayanmu na gaskiya ba sa zuwa shago. Uban amarya ne zai zo da babbar riga ya zauna yana nuna wannan yana nuna wancan, amma hukuncin daga cikin gida yake fitowa. Akwai wani alhaji mai fataucin fata da ya dage sai an dasa madubi a fuskar gadon 'yarsa, ya ce ya gani a Ikko. Malam Sabo ya ce to, amma ya koma ya tambayo a ciki tukuna. Alhajin ya ce shi ne mai gida, wa zai tambaya? Washegari ya dawo yana gyaran murya, ya ce ya sake tunani, madubi a kan gado ba tsari ba ne. Malam Sabo ya yaba masa wannan tunani ƙwarai, mu kuma muka sunkuyar da kai muna goge katako.

Saura awo. Ɗakunan cikin birni ginin ƙasa ne, wani bangon ya yi ciki, wani ya kwanta, ga ƙofa a inda ba ka zata ba. Gadon amarya kuma ana so ya cika gurbinsa cif, daga bango zuwa dab da bakin ƙofa, don a samu wurin kabad da kwanuka. Mai auno mana ɗaki ita ce Iya Tasalla, wata dillaliya 'yar Dukawuya, doguwar mace mai kaifin baki wadda babu gidan da ba ta shiga. Ba ta yarda da tef ba, ta ce lambobinsa ƙanana ne kamar kiyashi. Ba ta yarda da igiya ba, ta ce tana miƙewa. Da hannunta take awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, abin da ake kira kamu, ragowar kuma ta cike da yatsu. Malam Sabo ya yanke sanda daidai kamunta ya rataye a bango, da ita muke auna duk abin da za a kai cikin gida.

Na tuna wani ɗaki a Ƙofar Mazugal. Iya ta zo ta zauna a wannan bencin ta faɗi tsawo ta faɗi faɗi, sannan ta ce bangon gabas yana da ciki daga ƙasa, mu shigo da ƙafar baya yatsa uku, in ba haka ba gadon a karkace zai tsaya. Ta ƙara da cewa amaryar gajeriya ce, kada mu yi mata gadon da sai ta taka turmi za ta hau. Haka muka yi aiki da ita shekara da shekaru, kuma a duk tsawon lokacin ba a taɓa fito da gadonmu daga ɗakin amarya ranar jere ba.

Wannan maganar ku riƙe ta, don a kanta shagon yake tsaye. A wurin matan birni, abin da ya shiga ɗakin amarya ranar jere ba ya fita. Gado ba ya fitowa daga ɗakin mace sai aure ya mutu an zo kwashe kaya. In aka ga an fito da shi tun amarya ba ta tare ba, an samu abin faɗa ke nan har ta yi jikoki, kuma duk saɓanin da ya taso a gidan sai a ce ai tun ranar jere aka ga alama. Malamai sun sha faɗa cewa camfi ne. Matan sukan ce sun ji sun kuma yarda, amma dai ba a kan 'yarsu za a gwada ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda soja suka sake komawa bariki, aka yi zaɓe bayan dogon jira. Malam Sabo ya riga ya rasu, ɗansa Alhaji Kabiru ke riƙe da shago. Kowa yana murna, mu ma mun yi, amma alherin bai biyo ta Jakara ba. Ma'aikatanmu suka watse, wasu suka bi 'yan takara suna liƙa hotuna, wasu suka samu babur suka shiga acaɓa. Waɗanda siyasa ta buɗa musu suka fita bayan ganuwa suka gina gidaje masu manyan ƙofofi, suna sayen gadajen waje masu sheƙi a shagunan gilashi. Mutanen da muka yi wa iyayensu aiki in sun gan mu sai gaisuwa kawai, ba maganar gado. Alhaji Kabiru mutum ne mai hankali, bai ɓoye mini ba, ya ce yana tunanin zuba kayan waje a shagon ya sallami aikin hannu. Abin da ya hana shi kawai shi ne matan cikin lunguna, waɗanda har lokacin in za su aurar da 'ya sai su ce a je wurin Mai Gado, nasu ba ya ba da kunya. Su kaɗai suka rage mana. Ran da gadonmu ya fito daga wani ɗaki a gaban jama'a, ran nan za a rufe rumfar baya, ni da shi duk mun san haka ba sai an faɗa ba.

Ana cikin wannan hali aka kawo aikin wani gidan malamai a Dukawuya. Iya Tasalla ta tsufa a lokacin, gwiwa ta rage mata yawo, sai ta aiko da awon ta bakin 'yarta Hajara, wadda ta fara karɓar dillancin. Wannan ba sabon abu ba ne, ta saba aiko ta da saƙo. Na sauko da sanda na auna maɗacin da na fi ji da shi, na yi gado na gani na faɗa. Ranar jere da hantsi muka ɗora shi a kurar turawa aka kai ƙofar soro, mata suka yi ta fitowa suna ɗauka gaɓa-gaɓa suna shigewa, ni kuma na dawo shago na ci gaba da aikina.

Bayan azahar sai ga Hajara tsaye a bakin shago, mayafi a karkace. Ta ce in taso, gado ya ƙi zama. Na ce mata ja ya nemi ja. Ta ce ja ya samu ja, kore ya samu kore, amma gadon ya fi gurbinsa tsawo, ƙafafunsa sun tokare bakin ƙofa, ƙyaure ba ya rufuwa. Na zuba zarto da abin huda a buhu na bi ta, ina tafe ina sake auna katakon a kaina. Na san sanda ba ta yi mini ƙarya ba, na kuma san Iya ba ta kuskuren awo, to ina matsalar take?

A soro na samu amsa. Hajara ta miƙa hannu za ta ɗage labulen ƙofar ciki, na kalli hannun, sai na gano bakin zaren. Gajeriyar mace ce, ubanta ta biyo. Na tambaye ta wa ya shiga ya auna ɗakin. Ta ce ita ce, ranar ƙafar Iya ta kumbura, sai Iyar ta ce mata ta je ta auno yadda ta saba gani tana yi. Ta auna da kyau kuwa, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Sai dai da nata kamun ta ƙirga, ni kuma na yanka da na uwarta. Daɗewa ta sa kamu ya zame mana kamar mudu, kowa ya manta cewa hannun mutum ɗaya ne, har ita Iya da take ɗauke da shi a jikinta.

Na ce abu mai sauƙi ne, a zare dogayen katakon gefe guda biyu a fito mini da su soro, in rage su yanzu a mayar. Sai labule ya motsa, gwaggon amarya ta fito, Hajiya Yalwa, wadda ita ke jagorantar jeren. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Inuwa, tsakar gidan nan cike take da dangin ango, idonsu a kan ƙofar ɗakin. Amaryar nan marainiya ce, ni na riƙe ta. Ko tsinke ba zai fito ba."

Na ce to a nemi izinin mai gida in shiga, ko da lulluɓe ni za a yi da zane. Ta ce gidan da ƙanin mai gida ma ba ya wuce soro, ba a kanta za a fara ba, kuma shigar kafinta da zarto ai shela ce. Ta ce ta sa an saki labule a ƙofar ɗakin, 'yan uwanta sun tare bakin, har yanzu ba wanda ya gane. Daga nan ta juya ta dubi Hajara, ni ma na dube ta. Hajara ta ce ita fa ko kara ba ta taɓa yankawa da zarto ba.

Ban taɓa koyar da aiki cikin gaggawa irin ta ranar ba. Na ɗauko guntun katako daga buhu na ɗora a dakalin soro. Na nuna mata yadda za ta zare fegi, ta tura ƙafafun gadon ciki har ƙyaure ya samu hanya, ta ja layi da fensir ta ciki da ta waje, ta huda sababbin ramuka, sannan ta yanke abin da ya yi saura. Ramin shi ne abin tsoro. In ya matso da yawa fegi ba zai shiga ba, in ya yi nisa gadon zai riƙa girgiza yana ƙara, amarya ta kasa haɗa ido da mutanen gida. Na ce kada ta danna zarto, ta bar shi ya ci da kansa, ta ja shi da tsawonsa duka, idonta a kan layi ba a kan hannunta ba. Yankanta na farko ya karkace, na biyu ma haka. Na gaba ya ɗan yi dama-dama, sai Hajiya Yalwa ta ce lokaci ya ƙure, da magariba za a kawo amarya. Aka naɗe zartona da abin huda a cikin sabuwar tabarma, Hajara ta rungume ta shige da ita a matsayin kayan jere.

Na zauna a dakali na ce ko ba komai ina da kunne. Kafinta yana gane yanka daga sauti, ya san lokacin da zarto ya kama hanya da lokacin da ya cije. Na ji Hajara ta fara, a tsorace, gajere-gajere. Ina shirin aikawa a ce ta saki hannu, sai na ji an dire turmi a ƙofar ɗakin. Hajiya Yalwa ce ta sa 'yan mata su hau daka, wai za a dama wa baƙi fura, suna lugude suna tafi suna waƙa, don kada dangin ango su ji ƙarar zarto. Dabara ce mai kyau, amma ni ta gama da ni. An hana ni ido, kunnen ma aka karɓe. Maɗacin da na daɗe ina lallashi yana can a hannun wadda ɗazu ta fara riƙe zarto, sunan Malam Sabo da abincin duk wanda ya rage a shago suna kan layin fensirinta, ni kuma ina zaune ina kallon takalman mutane. Tsoro na ji, tsoro sosai, har sallamar masu wucewa na kasa amsawa yadda ya kamata. Aka kira la'asar, na yi a masallacin lungun na dawo, ana nan ana daka. Gero dai ranar ya daku.

Can sai dakan ya tsaya. Aka ɗan yi shiru, sannan na ji wani bugu daban wanda ko a barci na san shi, taɓarya ce a kan fegi. Na kasa kunne. Kowane bugu yana ƙara nauyi a kan na baya, alamar fegin yana kama wuri, bai zurma ba, bai kuma tsaya a rabi ba. Na ƙarshe ya fito da sautin katakon da ya zauna daram. Na ji ƙyaure ya rufu, aka sake buɗe shi, sannan guɗa ta tashi.

Hajiya Yalwa ce ta fara fitowa. Ta ce in tafi gida, gado ya zauna, katifar ma sun farke ta sun rage soson da wuƙa sun ɗinke. Ta ce dangin ango sun shiga sun gani, suna ta cewa aikin Mai Gado ba ya kuskure. Na tambayi guntayen da aka yanke, don kafinta ba ya barin guntun maɗaci. Ta ce suna ƙarƙashin gado, kuma nan za su tabbata.

Sai ga Hajara da tabarma a hammata, garin katako a girarta, tafin hannunta duk ya yi bororo. Ta ajiye mini kayana. Na daure na daure, na kasa.

"Hajara, yankan ya miƙe kuwa?"

Ta gyara mayafinta ta dube ni.

"Sai ka shiga ka duba, Malam."

Ba a rufe rumfar baya ba. Alhaji Kabiru ya zuba kayan waje a gaba kamar yadda kuke gani, mu muka ci gaba da namu a baya, matan lunguna kuma ba su daina aiko mana ba. Amaryar nan ta Dukawuya har ta aurar da 'yarta ta fari, kuma a nan aka yi mata nata gadon. Na yi gadajen da ban san adadinsu ba, amma in kuka ce in faɗi wanda na fi alfahari da shi, wancan ne, wanda wata ta ƙarasa da zartona a bayan labule. Hajara ta ce har yau bai taɓa yin ƙara ba, kuma maganarta na riƙe. Ni dai ban shiga na duba ba, shi kuma bai fito ba.